Gorar Numfashi daga Ƙasan Tafkin Mai Barci

A kan dutsen da muka zauna akwai tafki, a ƙasan tafkin kuma akwai gari. Na shiga garin da ƙafata, na fito da ƙafata. Wanda ya ga dama ya yarda.

Tafkin yana can ƙololuwa, cikin wani makeken rami kamar an kwarfe kan dutsen da ludayi. In kana wannan gaɓar ba ka gane mutum a waccan. Ruwansa shuɗi ne, ba ya motsi, babu kifin kirki a ciki. Ƙabilar da muka tarar a wurin, waɗanda muke kira mutanen tudu, suna da sunan da suke ce masa da yarensu, ma'anarsa Mai Barci.

Mu Hausawa ne, fari ya koro mu daga garinmu. A wurinmu babu ƙasa mai daraja kamar fadama. Da mazanmu suka ga kwarin da ke ƙarƙashin tafkin, baƙar ƙasa, rafi na ratsa ta, ba wanda ya taɓa sa mata fartanya, sai suka ce mutanen nan ba su san arziki ba. Su suna maƙale a kan tsauni suna noman dankali a tsakanin duwatsu. Muka roƙi kwarin, suka ba mu ba musu. Saurin bayarwar nan shi ya fara tsaya mini a rai.

Suna da wata al'ada. Ba sa sauka kwarin sai da bakin wuta a hannu, kuma ba sa ɗaga shi sama, sai su riƙe shi ƙasa daidai idon sawu. In ya mutu ba tare da iska ta kaɗa ba, sai su juya su hau tudu da gudu. Na ce wa maigidana, "Malam, ka ga abin da mutanen nan ke yi? Akwai abin da suka sani." Ya ce, "Ƙyale su, Hansai. Kiyashi suke haska wa hanya." Muka gina gidaje a tsakiyar kwarin, muka shuka albasa da rake, suka yi kyau har abin ya ba da tsoro.

Ranar da abin ya faru kasuwar tudu ke ci. Damina ce, an daɗe ana tafka ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Na hau da tallan albasa. Da hantsi muka ji wata ƙara kamar an jefa turmi a rijiya. Gefen dutse ne ya zafto cikin tafkin. Sai wani farin tururi ya taso, ya tsallake gaɓa, ya gangara kwarinmu yana bin ƙasa kamar ruwa. Na ga shirwa ta shiga cikinsa ta faɗo kamar an jefe ta. Na yar da tire zan gangara, matan tudu suka danne ni. Da tururin ya baje, kwarin ya yi tsit. Ba carar zakara, ba kukan yaro. Tafkin kuwa ya koma ja kamar an yanka shanu a ciki.

Maigidana a gangare aka tsince shi. Jakinsa ne ya tsinke ya yi tudu, shi kuma ya bi shi, sai gefen tururin kawai ya taɓa shi. Samarin tudu suka kai shi bukkar wata tsohuwa mai magani, Iya Nguya. Jikinsa da ɗumi, ƙirjinsa na motsi kaɗan kamar na ɗan tsako, amma ko an tsunkule shi ba ya ji.

Iya Nguya ta kara kunne a ƙirjinsa ta ce, "Numfashinsa yana ƙasan tafki. Wanda ya rage masa guntu ne, ba zai daɗe ba."

Na ce, "Iya, kun san haka kuka ba mu kwarin?"

Ta ce, "Mun faɗa wa mazanku. Suka ce mu matsorata ne."

"Ana iya karɓo numfashin nasa?"

"Ana iya roƙa."

Na dube ta na ce, "Ke me za ki samu in na tafi?"

Ta yi tsaki ta ce, "Ni? In kin mutu a can ma ni za a bar wa jinyar mijinki. Ga gora, ga bakin wuta. Kada ki sha ruwan da aka miƙo miki. Ki bi tsagar dutsen da ruwan zafi ke fitowa."

Ban yarda da ita ba, amma ba ni da wata. Na rataya gorar a wuya, na shiga tsagar.

Hanyar matsattsiya ce, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na yi ta rarrafe har gwiwoyina suka saɓule, sai na faɗo wani fili. Ruwan tafkin yana sama kamar rufin ɗaki, bai zubo ba. A gefe ga wasu ƙattai a jere, kowanne ya kai rimi tsawo, sun jingina bayansu da bangon tafkin sun tokare shi. Bangon ba dutsen kirki ba ne, marmara ce mai rugurgujewa kamar busasshen ƙanzo, tana zubo musu a ka.

Na kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai wuta a ƙafa, wa ya nuna miki ƙofarmu?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, larura ce. Numfashin maigidana nake nema."

Ya ce, "Hanya a buɗe take. Sai dai tun kafin a haifi kakan kakanki nake tokare da bangon nan, bayana yana ƙaiƙayi. Zo ki riƙe mini wurina in sosa, yanzu zan karɓe ki."

Na dubi bangon, na dubi kafaɗata. Na ce a raina, wannan in ya samu sarari sai dai in ji labarinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban isa in tsaya a matsayin manya ba. Amma susa aikin mata ne, juyo kaɗan."

Na hau kan gwiwarsa, na sa gindin bakin wutar na yi ta sosa masa tsakanin kafaɗu. Ya lumshe ido yana gurnani. Da na sauko ya ce, "Kin fi ƙanina wayo, da haka na jawo shi ya tokare bangon nan. To ga tukuicinki. Abin da ya faɗo ɗazu rabi ne. Ɗan'uwanmu na can ƙarshe ya yi atishawa, dutse ya kuɓuce masa. Sauran rabin yana riƙe da shi da yatsu, yatsun kuwa sun gaji. Ba zai kai faɗuwar ranar gobe ba."

Na yi godiya na wuce, ina waiwaye ko zai miƙo hannu.

Matakala ta yi ƙasa da ni. Ruwan da ke kewaye da ni ya tashi daga shuɗi ya koma ja. Na iske wasu mata zaune a bakin karofi kamar marina, hannayensu ja har gwiwar hannu, suna wanke duwatsu, tsatsa na fita. Suka tashi da murna. "Maraba da baƙuwa! Sannu da hanya! A kawo mata ruwa!"

Murnar ta yi yawa. Babbarsu ta miƙo mini ƙoƙo, ruwan ciki garau, yana 'yan ƙananan kumfa. Na kara bakin wutar a bakin ƙoƙon, sai wutar ta dushe kamar an hura ta. Na ɗiga kaɗan a gefen mayafina, nan take wurin ya yi ja.

Na ce, "Ranku ya daɗe, na gode. Cikina ba ya karɓar ruwan baƙon wuri."

Babbar ta ce, "Ya ke 'yar Adam, a ƙasarku haka ake mayar da ruwan maraba?"

Na ce, "A ƙasarmu mai gida ke fara kurɓa."

Suka kwashe da dariya har da tafi. Ba wadda ta kurɓa. Babbar ta zubar da ruwan ta ce, "Da kin sha da kin zauna nan kina wanke duwatsu tare da mu, muna ƙarancin hannu. Saurara. Ruwan nan hawa-hawa ne. Na sama mara nauyi ne, shi kuke sha. Namu na tsakiya, mai ƙarfe. Na ƙasa shi ne mai nauyi, shi ke danne da mugun huci. In an bar mu a jere, kowa lafiya. In dutse ya faɗo sai ya dama mu kamar fura, na ƙasa ya hau sama ya saki abin da ya riƙe. Wuce, amma bar takalmanki. Ba a shiga wa Magajiya da takalmi."

Na cire na ba su. Na ga ɗaya tana gwada su a ƙafarta tun ban yi nisa ba.

Daga nan ƙasa ta fara zafi. Wutata ta soma mutuwa a idon sawu, na ɗaga ta gwiwa, na ɗaga ta ƙugu, har sai da na riƙe ta sama da kaina, na miƙe wuya kamar mai tsallake kogi. Haka na shiga garin. Gidajensa na baƙin dutse ne, ba ƙofa ba taga. A ƙarƙashin tafin ƙafata ina jin wani abu yana munshari. Ko'ina tuluna ne, a tituna, a kan soraye, kowanne an liƙe bakinsa da laka.

Magajiyar Tuluna tana zaune a kan wani kifaffen tulu. Doguwa ce, fatarta kamar toka, idanunta ba su da marfi. Ba ta jira na gama gaisuwa ba.

"Ya ke matar manomin albasa, kin zo ki zage mu ko kin zo ki roƙe mu?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, roƙo na zo. Amma in an ba ni dama zan yi tambaya. Me muka yi muku?"

Ta ce, "Kina jin munsharin nan? Tsohuwar wutar da ta haƙa ramin tafkin nan ce. Ba ta mutu ba, barci take, tana huci. Mu ke tare hucin a tuluna, ruwa ya danne mana. Da ba mu, da babu mai rai a dutsen nan. Dutse ya faɗo ya fasa mana tuluna, huci ya fita, ya bi gangare don ya fi iska nauyi. Ku kuka shimfiɗa tabarma a bakin magudanarmu. Da ya dawo ya dawo da numfashin mutanenku. Na waɗanda suka cika ba ya komawa. Na mijinki da sauran zare a jikinsa. In kin gane shi, ɗauki. In kin ɗauki na wani, ki zauna ki liƙa tuluna."

Aka kai ni layin sababbin tuluna, lakarsu ko bushewa ba ta yi ba. Na riƙa kara kunne. Na ji na maƙwabciyata Tabawa, mai haki in ta yi daka. Na ji na surukata, mai ɗan tari a ƙarshe. Na ji wani ƙarami mai sauri, na jaririyar da muka yi wa suna kwanan baya. Na shafa tulun na wuce.

Sai wani tulu ya yi magana da muryar maigidana sak. "Hansai, hasken idona, farin watana, ɗauke ni mu tafi."

Magajiya ta ce, "Ga shi yana kiranki."

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba nawa ba ne. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa ce mini farin wata ba. In ya ji daɗin tuwo, iyakarsa ya ce gishiri bai yi yawa ba yau."

Na ci gaba har ƙarshen layi. Can a lungu na ji wani numfashi mai ɗan fito ta hanci ɗaya, irin na wanda jaki ya taɓa harbi a fuska yana yaro. Ya ja, ya saki, sannan ya yi ɗan tsaki. Na rungume tulun na ce, "Wannan ne."

Magajiya ta daɗe tana kallona. Ta fasa lakar da farce, ta juye abin da ke ciki a gorata, ba ta sa murfi ba. Gorar ta yi nauyi, ta yi ɗumi, tana motsi a ƙirjina.

Ta ce, "Murfin gorar nan bakinki ne. Daga nan har ki kai, duk kalmar da ta fita daga bakinki, numfashi ya fita daga gora. In kin kai ta cike, zai tsufa a hannunki."

Na buɗe baki zan tambayi dalili, na kama kaina. Ta yi murmushi. Murmushin nan har yau ban manta shi ba.

Na juyo. Matan karofi suka tare ni. "Baƙuwa, ba sallama? Ga takalmanki, ce a ba ki mana!" Ɗaya ta zagi uwata, na haɗiye. Ƙaton nan ya ce, "'Yar Adam, kin samo? Amsa mini, ni da na yi miki alheri." Na durƙusa masa kawai na wuce. Wutata ta cinye a cikin tsagar, na ƙarasa da lalube.

Da na fito sai na ga wani hantsin ne, ashe kwana ya juya ina ƙasa. Daga bakin tsagar ana hango hanyar da ke sauka kwarinmu. Ga maza a jere suna gangarawa, ɗauke da makara da farin yadi da diga. Danginmu ne na garin da ke bayan dutse, labari ya kai musu. A gabansu Malam Haladu, yayan maigidana. Sun zo yi wa mamata sutura. Ba wanda ya riƙe wuta, ba ɗan tudu ko ɗaya tare da su, don sun zargi mutanen tudu da hannu a abin.

Bukkar Iya Nguya tana sama, hannun dama. Su suna ƙasa, hannun hagu. Na tsaya a mararrabar ina jin gorar tana numfashi a ƙirjina. Sai na yi hagu da gudu.

Na sha gabansu na ware hannuwa. Na nuna tafki, na nuna dutse, na kama wuyana na faɗi ƙasa kamar matacciya, na tashi na tura su baya.

Wani ya ce, "Allah sarki, Hansai ta zautu."

Malam Haladu ya ce, "Sannu, Hansai. Allah ya ba mu haƙuri. Matsa mu wuce, rana na yi."

Na riƙe makarar. Wani dattijo ya ɓamɓare yatsuna a hankali, suka ratse ni suka ci gaba. Na ga bayansu, na ga inuwar kwarin tana jiransu.

Na ce, "Kada ku sauka!"

Gorar ta yi huci a ƙirjina, na ji shi da ɗumi a haɓata.

Malam Haladu ya juyo. "Don me?"

"Dutse zai sake faɗowa."

"Wa ya gaya miki?"

Na yi shiru ina roƙonsa da ido.

Ya ce, "Hansai, gawa ba ta jira. Mahaifiyarmu tana can kwance a tsakar gida tun jiya, ba wanda ya rufe mata fuska. Kina so in tsaya nan ina kallo saboda magana ɗaya? In kin san wani abu, ki faɗe shi duka. In ba ki sani ba, ki bar mu."

Hawaye yake yi yana faɗa. Ba shi da laifi. Ni ma da uwata ce a can, da guntuwar magana ba ta tsayar da ni ba.

Sai na faɗa. Na ce, "Yaya, na shiga ƙasan tafkin. Rabin dutsen ne ya faɗo, sauran yana rawa, ba zai kai faɗuwar rana ba. In ya faɗo tururin zai sake bin kwari, ba ya jin gudu, ba ya jin addu'ar da aka yi a makare. Ko yanzu akwai saura kwance a ramuka. Ku dubi sama, ko ungulu ta sauka? Ku tambayi kanku me ya hana ta. Inna ta riga ta tafi, ba abin da zai ƙara samunta. Ku kuwa kuna da 'ya'ya a gida. Na haɗa ku da Allah ku jira zuwa gobe, ku nemi mutanen tudu su shige muku gaba da wuta."

Wani ya ce mutanen tudu ne suka saye ni. Na amsa masa. Wani ya ce aljanu sun shafe ni. Na amsa masa. Kowace amsa ina jin igiyar gorar tana rage cin wuyana.

Malam Haladu ya ɗaga kai ya dubi ungulayen da ke kewaya can sama, ba ɗaya da ta yi ƙasa. Ya ce, "A sauke makara. Mu koma tudu."

Ban jira su ba. Na kama hawa, duwatsu na yanka mini tafin ƙafa. Ina dab da bukkar na ji ƙarar a bayana, ƙasa ta girgiza. Na waiwaya na ga farin tururin ya cika kwari har baki, mutanenmu kuma suna tsaye a sama da shi, cirko-cirko.

Ko Magajiya ta san za su zo, shi ya sa ta ɗaura sharaɗinta a bakina? Ko ƙaton nan da ita suka shirya, ya ba ni labarin da zai sa in yi magana? Na juya abin nan a raina har na gaji. Ban sani ba.

Iya Nguya ta karɓi gorar ta jijjiga a kunne. Ta kara bakin gorar a hancin maigidana ta juye.

Ƙirjinsa ya ɗaga. Na ji ɗan fiton nan. Ya buɗe ido ya dubi rufin bukka, ya dube ni.

Ya ce, "Hansai? Ina ne nan? Me ya sami ƙafarki?"

Na yi shiru. Ban sani ba ko sharaɗin ya ƙare da juyewar gorar, ko har yanzu maganata na cin numfashinsa. Na kama hannunsa na matse.

Ya ce, "Ikon Allah. Yau ke ce ba baki? Ko fushi ake da ni?" Muryarsa ta fara yin ƙasa. "Ce wani abu mana."

Na dubi Iya Nguya. Ta girgiza kai a hankali, ta nuna mini ɗan tsakanin yatsunta biyu. Ko na yi magana ko ban yi ba, abin da ya rage ke nan.

Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Sallau."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai! Yau kuma? Ashe kin san shi."

Ya ja numfashi ya yi shahada, ya saki. Na jira na gaba, bai zo ba.

Malam Haladu da mutanen da na tare a gangare su suka yi masa wanka, su suka ɗauki makararsa. A kan tudu muka binne shi.